Shin halittun tatsuniya dabbobi ne da suka taɓa rayuwa suka ƙare?

Malamar Aji Shida:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina koyar da yara 'yan shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, kuma a makon jiya wani abu ya faru a aji wanda har yanzu yake yi mini kai-kawo a zuciya. Muna cikin darasi a kan dabbobin da suka ƙare daga doron ƙasa, sai na ɗaga hoton wani tsuntsu mai ƙiba, mai lanƙwasasshen baki da guntayen fukafukai, na ce musu sunansa dodo, kuma fiye da shekara 300 ke nan rabon da a ga irinsa da rai. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro mai yawan tunani ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, ashe Dodo gaskiya ne, mutuwa ya yi?"

Na bayyana masa cewa suna ne kawai ya zo ɗaya, domin Dodon da ya sani a tatsuniya, mai gashi buzu-buzu, mai tare hanyar rafi yana haɗiye mutane, ba shi da wata dangantaka da wannan tsuntsu na tsibirin Morishus da ke tekun Indiya, wanda Turawa matuƙa jirgin ruwa suka laƙaba wa suna da harshensu. Yaron bai gamsu ba. Ya ce idan har tsuntsu zai iya ƙarewa ƙaf a bar mutane da hotonsa, me zai hana a ce shi ma Dodon tatsuniya wata dabba ce da kakanni suka gani da idonsu, ta ƙare, labarinta ya saura?

Na ba shi amsar da ta zo bakina a lokacin, amma ni kaina ban gamsu da ita ba, kuma ba na son in rufe bakin yaro da "haka nan ne" alhali tambayarsa tana da ma'ana. Don haka nake neman masu sani su taimaka mini. Shin akwai halittun almara da aka tabbatar cewa asalinsu dabbobi ne na gaskiya da suka ƙare? Idan akwai, da me ake gane wanda yake da tushe daga wanda ƙirƙira ce zalla? Ina roƙon a ba ni misalai tabbatattu, domin abin da zan ɗauka a nan shi zan kai wa yara, kuma abin da yaro ya ji daga bakin malaminsa yakan zauna masa shekara da shekaru.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa yaron nan albarka, domin tambayar da ya yi ita ce manyan masana suka yi ta fama da ita shekaru aru-aru. Kafin ƙarshen ƙarni na 18, yawancin masu ilimi a Turai ba su ma yarda cewa jinsin dabba yana iya ƙarewa baki ɗaya ba. Idan aka tono wani ƙashi da ba a san mai shi ba, sai a ce dabbar tana can a wata ƙasa da ba a kai ga zuwa ba. Sai a 1796 wani Bafaranshe mai suna Georges Cuvier ya jera haɓa da haƙoran giwar Afirka, da na giwar Indiya, da na wata giwa mai gashi da ake tonowa a ƙasar Saberiya, ya nuna cewa jinsi uku ne daban-daban, kuma na ukun babu shi a ko'ina, tunda giwa ba abar da za ta ɓuya ba ce.

Bari in fara da dodon da kika nuna musu, domin labarinsa shi kansa rabin amsa ne. Mutanen Holan ne suka fara rubuta labarinsa a 1598, kuma gani na ƙarshe da masana suka fi amincewa da shi ya faru ne a 1662, wato shekara sittin da 'yan kai kawai tsakanin saninsa da rasa shi. Tsayinsa bai wuce mita ɗaya ba, ba ya tashi sama, a ƙasa yake yin sheƙa, kuma bai san tsoro ba saboda tsibirin ba shi da namun da suke farautarsa. Farautar mutane ta taɓa shi, amma abin da ya fi yi masa illa shi ne aladu da ɓeraye da birai da jiragen ruwa suka sauke, waɗanda suka riƙa cinye ƙwai da 'ya'yan. Abin da zai ba yaranki mamaki shi ne, bayan ya ƙare, har an kai lokacin da wasu masana suke shakkar ko ya taɓa wanzuwa, suna ɗaukar zane-zanensa a matsayin shaci-faɗin matafiya. Abin da ya fitar da shi daga zargi shi ne busasshen kai da ƙafa da aka adana a Oxford ta ƙasar Ingila, sannan a 1865 wani malamin makaranta mai suna George Clark ya tono ɗimbin ƙasusuwansa a wata fadama ta tsibirin. Bincike ya nuna cewa ɗan uwan tantabara ne. Kin ga ke nan dabba ta gaskiya tana iya zamewa ta faɗa cikin tatsuniya, sai ƙashi ya zo ya cece ta.

Misalin da ya fi dacewa da tunanin yaron, a ganina, yana ƙasar Niyu Zilan. Mutanen Mawori suna da labarin wata ƙatuwar tsuntsuwa mai suna Pouakai, wadda take saukowa daga tsauni ta sure mutum. Wanda ya ji zai ce ƙanzon kurege ne. Amma da aka shiga tono sai aka sami ƙasusuwan wata gaggafa da ba a san wadda ta kai ta girma ba, faɗin fukafukanta ya kusan mita uku, nauyinta yana kaiwa kilo 15, faratanta kamar na damisa. Abin farautarta shi ne moa, wani tsuntsu mai kama da jimina, wanda mafi girmansa yake wuce mita uku idan ya miƙe wuya. Mawori sun isa ƙasar wajen shekarar 1300, kuma cikin abin da bai kai shekara 200 ba moa ya ƙare saboda farauta, gaggafar kuma ta bi shi domin ta rasa abin da take rayuwa a kansa. A nan sharuɗɗan sun cika: mutanen sun zauna da dabbar a wuri ɗaya kuma a zamani ɗaya, siffar da suka bayar ta yi daidai da ƙashin da aka samu, kuma gaggafar da take kayar da tsuntsu mai nauyin kilo 200 ba za ta gaza da yaro ba. Ni dai na karkata ga cewa Pouakai tunawa ce da abin da ido ya gani.

Sai kuma Rukku, tsuntsun da ya cika labaran matuƙan tekun Indiya, wanda aka ce yana ɗaukar giwa ya yi sama da ita ya sako ta. Marko Folo, matafiyin nan ɗan Italiya, ya danganta shi da yankin Madagaska, har ya ce an kai wa sarkin Mongol gashin fiffikensa, abin da wasu masana daga baya suke ganin ganyen tukurwa ne. To, a Madagaska an yi wani tsuntsu da ya kai mita uku a tsaye, wanda ƙwansa guda zai ɗauki abin da ƙwan kaza kusan 150 za su ɗauka, kuma ya ƙare ne wajen shekara dubu da suka wuce, lokacin da fatake suna zirga-zirga a wannan teku. Har yau ana tsintar ɓawon ƙwansa a rairayin kudancin tsibirin. Ɗan kasuwar da aka miƙa wa ƙwai mai tsawon santimita 30 dole ya tambayi kansa wace irin uwa ce ta saka shi. Sai dai tsuntsun nan ko tashi ba ya yi, balle ya ɗauki giwa. A nan zan ce ruwa ba ya tsami banza, amma ƙwan ne kawai gaskiya, sauran duk bakin masu labari ne ya gina.

Ɗalibin Ilimin Duwatsu:

Gaisuwa ga Malama da Baba Malam. Na ƙaru ƙwarai da bayanin Baba, kuma ina so in ɗora a kan kalma ɗaya da ya faɗa, wato zamani, domin a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sau da yawa za ka ji an ce macijin almara mai fukafukai da ƙafafu, wanda Turawa da Sinawa suke zanawa, ai dainaso ne, wato manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangaru na zamanin da ya daɗe da shuɗewa, da mutanen dā suka gani. Wannan ba zai yiwu ba. Dainaso irin waɗanda ake nufi sun ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, alhali mafi tsufan ƙasusuwan mutum irinmu da aka samu ba su wuce shekara dubu 300 da kaɗan ba. Babu kakan da ya ga dainaso yana tafiya. Abin da kakanni suka gani shi ne ƙashinsa, kuma wannan hanya ce ta dabam da labari yake haihuwa.

Babban misali yana cikin hamadar Nijar. A yankin Agadas, wajen Ingal, iska takan kwashe rairayi ta bar manyan ƙasusuwa da suka zama dutse a fili, wani ƙashin cinyar ya kai tsayin mutum. Abzinawa makiyaya sun daɗe da saninsu, kuma suna danganta su da wata ƙatuwar halitta ta labaransu mai suna Jobar. Da ayarin masani Paul Sereno na Amurka ya tono ƙwarangwal ɗin a 1997, sai ya tarar da dainaso mai dogon wuya, mai cin ganye, tsawonsa wajen mita 18, kuma da aka zo raɗa masa suna a 1999 sai aka kira shi Jobaria domin girmama wancan labari. A Gadafawa kuwa, cikin hamadar Tenere, an tono wani dangin kada mai suna Sarcosuchus wanda ƙoƙon kansa kaɗai ya wuce mita ɗaya da rabi, da kuma Nigersaurus mai faffaɗan baki da haƙora fiye da 500. Duk waɗannan sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da koguna. Makiyayin da ya tsaya a kan irin wannan ƙashi ya ce wata ƙatuwar halitta ta mutu a nan bai yi ƙarya ba, gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da yake gabansa, kuma shi ne ya nuna wa masu binciken wurin.

Irin haka ta faru a garin Klagenfurt na ƙasar Ostiriya, inda aka tsinci wani ƙoƙon kai a ƙarni na 14, aka ajiye shi a matsayin kan macijin da labarin garin ya ce an kashe, har aka sassaƙa gunkin macijin a dandali a ƙarshen ƙarni na 16. Sai a ƙarni na 19 aka gane kan karkanda ce mai gashi ta zamanin ƙanƙara. A ƙasar Sin kuma masu magani sun daɗe suna daka abin da suke kira ƙashin maciji, kuma a cikin irin wannan kaya ne wani masani, von Koenigswald, ya tsinci wani ƙaton haƙori a Hon Kon a 1935, wanda ya zamo na goggon biri mafi girma da aka taɓa sani. Mutanen Saberiya su kuma da suke ganin gawar giwa mai gashi tana ɓullowa daga daskararriyar gaɓar kogi, da fata da nama a jikinta, sai suka ce wata dabba ce mai rayuwa a ƙarƙashin ƙasa wadda take mutuwa da zarar ta ga haske. Idan aka duba, wannan bayani ne mai tsari ga wanda bai taɓa ganinta da rai ba amma kullum yana ganin sabuwar gawarta.

Duk da haka ina so Malama ta yi hattara da wasu misalai biyu da suka yi suna a intanet. An ce ƙaton nan mai ido ɗaya na labaran Girkawa ya samo asali ne daga ƙoƙon kan wadannin giwaye da suka taɓa zama a tsibiran Bahar Rum, domin ramin hancin giwa yana tsakiyar goshi kamar gurbin ido guda. Wani masani ɗan Ostiriya, Othenio Abel, shi ya kawo wannan ra'ayi a 1914. Ra'ayi ne mai daɗin ji, amma hasashe ne, domin babu wani rubutu na Girkawan da ya haɗa abubuwan biyu. Haka nan an ce dabbar nan mai jikin zaki da kan gaggafa ta fito ne daga ƙwarangwal ɗin wani dainaso mai baki irin na tsuntsu da ake samu a hamadar Gobi, alhali zanenta ya bayyana a Masar da ƙasar Farisa tun shekaru dubbai, nesa ƙwarai da inda ƙasusuwan suke. Kama da wane ba ta wane. Ɗan Adam yana da basirar da zai ɗauki kan wannan ya ɗora a jikin wancan ba tare da ya ga ƙashin komai ba, kuma rage wa kakanni daraja ne a ce duk abin da suka ƙaga sai da suka yi tuntuɓe da shi a ƙasa. A fahimtata Dodon tatsuniya yana cikin wannan rukuni, domin ba shi da siffa tsayayya: yau yana cikin ruwa, gobe yana da gida da mata, jibi yana magana yana ƙulla alkawari da yarinya. Aikinsa a cikin labari shi ne ya zama abin tsoro, ba ya kwatanta wata dabba takamaimai.

Malamar Aji Shida:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Wannan bambanci tsakanin wanda ya ga dabbar da wanda ya ga ƙashinta ya warware mini abu mai yawa. Amma na san yaron nan, kuma na san inda zai nufa. Zai ce idan an taɓa shakkar dodo kuma ya tabbata, to ta yaya muka san cewa abubuwan da ake cewa suna ɓoye a tafkuna da dazuzzuka har yanzu ba su ma gaskiya ba ne? Na taɓa jin labarin wani kifi da aka ce ya ƙare tun zamanin dainaso sannan aka kama shi da rai. Ina son a yi mini bayanin wannan ma.

Mai Nazarin Littattafan Magabata:

Assalamu alaikum. Kafin masana kimiyya su amsa wa Malama tambayarta ta biyu, ina da abin da zan ƙara a kan ta farko, domin akwai wata hanya da ba a ambata ba, wato dabba tana nan da ranta a wata ƙasa mai nisa, amma labarinta ya yi ta sauya kama daga baki zuwa baki har ya isa inda ba a san ta ba.

Kalmar karkanda da muke amfani da ita daga Larabci muka aro ta, kuma a wasu tsofaffin littattafan Larabawa da Farisawa karkaddan wata muguwar dabba ce mai ƙaho ɗaya wadda ko giwa tana shakkarta. Amma Al-Biruni, wanda ya yi bincike a kan ƙasar Indiya a ƙarni na 11, ya siffanta ta yadda take: mai kaurin fata, mai kofato uku a kowace ƙafa, da ƙaho guda a kan hanci. Wannan dabba ce dai labarinta ya taimaka wajen haifar da farin dokin nan mai ƙaho ɗaya a goshi da Turawa suka yi ta zanawa. Da Marko Folo ya ga karkanda a tsibirin Sumatara sai ya rubuta cewa dabbar mummuna ce mai son birgima cikin taɓo, ba kamar yadda ake ba da labari ba. Shi kuwa ƙahon da sarakunan Turai suke saye da tsada, suna ganin yana karya dafi, haure ne na wata dabbar tekun arewa mai ƙanƙara, dogo, murɗaɗɗe, mai kaiwa kusan mita uku. Wani likita ɗan Denmak, Ole Worm, shi ya nuna haka a 1638 ta hanyar kawo hauren yana manne da ƙoƙon kan mai shi.

Haka labarin matar ruwa mai jelar kifi. A watan Janairu na 1493 matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya rubuta cewa ya ga uku daga cikinsu, amma ba su kai kyawun yadda ake zana su ba, kuma fuskarsu ta fi kama da ta maza. Ayu ya gani, wanda yake ɗago kai sama ya shaƙi iska, kuma nonon macen yana kusa da hammata.

Malamanmu na dā ba su kasance masu haɗiye kowane labari ba. Al-Jahiz, a littafinsa na dabbobi, yakan kawo labari sannan ya auna shi da hankali da abin da aka gwada, kuma Larabawa suna da tsuntsuwar da suke kira Anƙa'u, wadda suka ce sananniya ce a suna amma ba a san jikinta ba, har ta zama abin buga misali ga duk abin da ba ya samuwa. Ina kuma ba Malama shawara ta raba wa yara wannan zance da abin da ya shafi gaibu. Abin da wahayi ya tabbatar ba a neman ƙashinsa a cikin ƙasa, kuma ba ya cikin tatsuniya. Maganarmu a nan ta tsaya ne a kan dabbobi masu jini da tsoka da labaran da mutane suka ƙulla a kansu.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Madalla da wannan ƙari, Malam. Malama, labarin kifin da kika ji gaskiya ne. A watan Disamba na 1938 wata ma'aikaciyar gidan adana kayan tarihi a Afirka ta Kudu, Marjorie Courtenay-Latimer, ta je duba abin da wani jirgin kamun kifi ya kawo, sai ta hangi wani shuɗin kifi mai tsawon mita ɗaya da rabi, mai kaurin ɓawo, fukafukansa masu tsoka kamar guntayen ƙafafu. Masanin kifaye J.L.B. Smith ya gane cewa silakant ne, dangin da aka sani a cikin duwatsu kawai kuma ake zaton ya ƙare tare da dainaso. Sai da aka shekara 14 ana nema kafin a sami na biyu a tsibiran Komoros a 1952, inda aka tarar masuntan wurin sun san shi tuntuni har suna da sunan da suke kiransa. Haka okapi, ɗan uwan raƙumin dawa mai zane a ƙafafu kamar jakin dawa, wanda mazauna dajin Ituri na Kwango suka sani tun kaka da kakanni amma Turawa ba su tabbatar da shi ba sai a 1901. Ita ma ƙatuwar dabbar tekun nan mai hannaye goma, wadda matuƙan arewacin Turai suke ba da labarin tana jan jirgi ƙasa, an ba ta sunan kimiyya a 1857 daga guntayen gawarta, amma ba a ɗauki hotonta da rai a cikin zurfin teku ba sai a 2004.

Abin da za ki nuna wa yaron shi ne yadda kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata: an kawo jiki, ko fata, ko ƙoƙon kai, an ajiye a kan tebur kowa ya duba. Gani ya kori ji. Sannan dukansu suna zaune ne a wuraren da ido ba ya kaiwa da sauƙi, ko dai kogunan dutse a ƙarƙashin teku ko kurmi mai duhu. Ki gwada wannan da ƙatuwar halittar nan mai dogon wuya da ake cewa tana cikin tafkin Ness na Sikotilan. Tafkin yana ƙarƙashin ƙanƙara har zuwa wajen shekara dubu goma da suka wuce, don haka ba mafakar wata halitta ta zamanin dainaso ba ce. Shahararren hoton da aka ce nata ne, na 1934, an fallasa a 1994 cewa jirgin wasan yara ne aka ɗora wa kai da wuya. A 2018 an ɗebi ruwan tafkin daga wurare da yawa aka binciki ƙwayoyin halittar da suke ciki, ba a sami alamar wata dabba mai rarrafe ba. Kuma dabba ba ta zama ita kaɗai shekaru dubbai, dole a sami garke mai haihuwa, garke kuwa yana barin gawa da kashi da sawu. Gashin da ƙasusuwan da aka ce na mutumin ƙanƙara ne, wata halittar almara mai gashi da ake cewa tana tsaunin Himalaya, da aka gwada guda tara a 2017, takwas na beyar ne, ɗaya na kare.

Abin da ya fi damuna ni, a shekaruna, ba halittun da ake nema ba ne, waɗanda muke rasawa ne. Wani babban ɗan uwan ayu mai tsawon mita takwas, wanda masani Georg Steller ya siffanta a 1741 a tekun Bering, mafarauta sun gama da shi a 1768, shekara 27 kacal. Steller ya rubuta cewa idan aka soki ɗaya sauran sukan kewaye shi suna ƙoƙarin cire igiyar, kuma ya ga namiji yana komowa wurin gawar matarsa a bakin gaɓa kwana biyu a jere. A wajen 1840, a wani tsibiri na Sikotilan, wasu mutane sun kama wani babban tsuntsun teku marar tashi, suka ɗaure shi kwana uku, da hadari ya taso sai suka ce maye ne suka kashe shi, kuma a 1844 aka kashe biyun ƙarshe da aka sani a kusa da Aisilan. Tsuntsun ya yi ƙaranci har waɗanda kakanninsu suka san shi suka ɗauke shi abin tsoro. Kerkecin Tasmaniya ta ƙasar Ostiraliya mai zane a baya, na ƙarshen da aka sani, ya mutu a gidan namun daji na Hobart a ranar 7 ga Satumba, 1936, kuma har yau mutane suna rantsuwa sun hange shi a daji, wato ya riga ya fara zama almara a gaban idonmu.

Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe. Baƙar karkanda ta yammacin Afirka, wadda ragowarta ta ƙarshe take arewacin Kamaru, an neme ta a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, aka ayyana ƙarewarta a 2011. Mariri, farin nan mai dogayen ƙahoni lanƙwasassu da ya taɓa cika bakin Sahara, an ayyana ƙarewarsa a daji a 2000, sai dai shi an yi sa'a akwai ragowarsa a wuraren kiwo, aka fara mayar da shi Chadi a 2016, kuma yanzu yana haihuwa a can. Ki tambayi yaranki su wa suka san mariri, ki ga hannu nawa za a ɗaga.

Malamar Aji Shida:

Na tambaye su yau, Baba Malam, kuma babu hannun da ya tashi, ko da yake biyu daga cikinsu sun ce sun taɓa jin kalmar. Na ɗauki darasin gaba ɗaya a kan abin da kuka koya mini. Na zana ƙwan Madagaska a allo da girmansa na gaskiya kusa da na kaza, na ba su labarin Jobar da gaggafar Mawori, kuma na gaya wa yaron kai tsaye cewa tunaninsa daidai ne a kan wasu halittu, amma Dodon tatsuniya ba a sami ƙashi ko sawun da za a jingina masa ba.

Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni wane ne mutum na ƙarshe da ya ga tsuntsun dodo. Na riga na bincika, sai na gaya musu cewa wani matuƙi ne ɗan Holan mai suna Volkert Evertsz, wanda jirginsu ya nitse a 1662, shi da abokansa suka tsira zuwa Morishus suka tarar da tsuntsayen a wani ɗan tsibiri da ke gefe. Ya ce tsuntsayen sun tsaya suna kallonsu ba su gudu ba, kuma da suka kama ɗaya ta ƙafa ya yi kuka, sai sauran suka rugo domin su cece shi, aka kama su su ma. Na ga idon wata yarinya ya kawo ruwa.

Yanzu sun roƙe ni in kawo musu hoton ƙwarangwal ɗin Jobaria da mutum tsaye a gefensa domin su ga bambancin tsayi, da kuma hoton mariri a dajin Chadi. Idan Ɗalibin Ilimin Duwatsu yana da wanda ya fito sosai, wanda zai bugu a takarda ba tare da ya dusashe ba, ina roƙon ya sanya mini shi a nan kafin ranar Litinin.